Horon Malamai a Kan Koyar da Girki da Ilimin Abinci: Tsokaci Daga Unguwar Sabo ta Ibadan

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san Unguwar Sabo ta Ibadan ya san cewa wuta ba ta mutuwa a murhunta tun daga asuba har dare ya raba. Mai koko da ƙosai ce ke buɗe gari, mai waina da mai tuwo su karɓa, mai shayi da mai tsire su rufe. Yaron da ya tashi a nan, tun kafin ya iya rubuta sunansa ya san bambancin ƙullin da ya tashi da wanda bai tashi ba, ya kuma san yawan wainar da mudu guda na shinkafa zai fitar. Amma da zarar ya shiga aji, aka zo darasin abinci, sai a ɗauke shi tamkar bai taɓa ganin tukunya ba.

Manufar wannan tsokaci ita ce duba yadda ake horar da malaman da aka ɗora wa nauyin koyar da girki da ilimin abinci a matakin ilimin bai-ɗaya, wato firamare da ƙaramar sakandare. Mun zaɓi Sabo ne domin a nan matsalar ta fi fitowa fili: yara Hausawa, a tsakiyar garin Yarbawa, ana koya musu da Ingilishi. Ra'ayinmu shi ne, gyaran manhaja da ake ta yi ba zai haifar da ɗa mai ido ba muddin malamin da zai aiwatar da ita ba a horar da shi a gaban murhu ba, kuma ba a ba shi kalmomin da zai yi magana da ɗalibansa ba.

2.0 Sabo da Sana'ar Abinci

An kafa Sabo a 1916, lokacin da aka tattara Hausawan Ibadan wuri guda a ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Fataucin goro zuwa Arewa da na shanu zuwa Kudu su ne ginshiƙin unguwar. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya nuna yadda fatake da sauran baƙi ke sauka a hannun masu gida, da yadda matan aure da ke cikin kulle suka riƙe sana'ar dafaffen abinci, yara na kai musu talla. Ke nan ciyar da baƙo wani sashe ne na tsarin kasuwancin kansa. Abin da Polly Hill ta gani a ƙauyen Batagarawa na ƙasar Katsina, da wanda Enid Schildkrout ta gani a birnin Kano a shekarun 1970, duk ya yi daidai da wannan: akwai babbar kasuwa a cikin gidaje wadda idon baƙo ba ya gani, kuma yara ne ƙafafunta.

Sabo ta sauya ƙwarai daga zamanin Cohen. Hada-hadar kayan gwari da dabbobi ta fi ƙarfi a wasu kasuwannin, irin su Bodija da Sasa, ita kuwa Sabo ta yi suna da canjin kuɗi da tsire. Sai dai sana'ar abinci ta cikin gida tana nan. Wannan ya sa ɗalibin Sabo yana zuwa aji da ilimi iri uku: na sarrafa hatsi, na awo da lissafin riba, da kuma na cimar maƙwabta, domin ya san amala da ewedu kamar yadda ya san tuwo da miyar kuka. Tambayar ita ce, wane horo aka ba malaminsa da zai iya amfani da wannan jari?

3.0 Matsayin Darasin a Manhaja

Shirin Ilimin Bai-ɗaya, wanda aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka kuma yi masa doka a 2004, shi ya haifar da manhajar shekara 9 da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, ta tsara, aka fara aiki da ita a 2008. A wannan manhaja Tattalin Gida darasi ne mai zaman kansa, ilimin abinci kuwa ɗaya daga cikin rassansa. Da aka yi mata kwaskwarima a 2012, aka fara aiwatarwa a 2014, sai aka haɗe Tattalin Gida da Aikin Gona a ƙarƙashin darasi guda na share fagen sana'a, domin rage wa yara yawan darussa. A 2025 an sake sanar da wani garambawul, wanda ya zo da sana'o'i 6 da ɗalibi zai zaɓa daga ciki: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu. Girki ba ya cikin shidan.

Ba mu musanta hikimar rage darussa. Abin lura shi ne, duk lokacin da aka haɗe darussa biyu, wanda ke buƙatar kayan aiki da kuɗin cefane shi ke fara shan wuya. Malamin da aka ba minti 35 ko 40, babu murhu, babu ruwa, babu kuɗin gawayi, ba shi da zaɓi illa ya rubuta rukunan abinci 6 a allo, yara su kwafa, su haddace, su mayar masa ranar jarrabawa. Ta haka darasin hannu ya koma darasin hadda.

Lamarin kuwa ba na wasa ba ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Talauci ne babban sanadi, ba mu ce darasi zai cika tukunya ba. Amma 'yar aji shida ta yau ita ce uwa nan da 'yan shekaru, kuma abin da ta sani game da kunun yaye da tsabtar ruwa yana iya zama bambanci tsakanin rayuwa da mutuwar jaririnta.

4.0 Naƙasun Horon da Ake Bayarwa

4.1 Tsarin Karɓi-ka-miƙa

Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya domin ilimin bai-ɗaya, kuma a ciki akwai kason ƙara wa malamai sani. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta gudanar da manyan tarurrukan bita a faɗin ƙasa daga 2006, amma an fi mayar da hankali a kan Ingilishi da Lissafi da Kimiyya da Nazarin Zamantakewa. Malamin abinci kan samu ragowa ne, in ma an samu.

Ko inda aka tuna da shi, tsarin da aka saba bi shi ne a horar da 'yan kaɗan a babban birni, su horar da wasu a jiha, waɗannan su horar da wasu a ƙaramar hukuma. Wannan tsari yana iya isar da sanarwa, amma ba ya isar da gwaninta. Ana iya miƙa takarda daga hannu zuwa hannu ta isa yadda take. Iya tuƙa tuwo ba ya miƙuwa haka. Kafin ilimin ya gangaro Sabo, abin da ya saura shi ne 'yar ƙasida da takardar shaidar halarta.

4.2 Bita Ba Wuta

Mun taɓa halartar wani taron bita na malaman wannan darasi, inda aka kwashe yini guda ana bayani a kan hanyoyin dafa abinci, ba a kunna ko ashana ba. Malaman sun saurara, sun rubuta, an raba musu abincin da aka sayo daga waje, aka tashi. An yi tuya an manta da albasa. Wanda aka koya wa girki da baki, da baki zai koyar.

Wani zai ce ai yawancin malaman nan mata ne, sun iya girki tun daga gida. Gaskiya ne, amma iya girki daban, iya koyar da shi daban. Abin da malama ke buƙata shi ne yadda za ta raba yara 60 rukuni-rukuni a kusa da wuta ba tare da wani ya ƙone ba, yadda za ta tsara aikin da zai kammala kafin a kaɗa ƙararrawa, da yadda za ta fito da dalilin da ke bayan kowane mataki. Misali, me ya sa ake dama gari da ruwan sanyi a yi talge kafin a tuƙa? Domin ƙwayoyin sitaci su warwatsu kafin zafi ya kumbura su, in ba haka ba na waje su nuna su rufe na ciki, a sami gudaji. Me ya sa kanwa ke saurin nunar da wake, kuma me ake asara? Tana tausasa shi, amma tana lalata wani ɓangare na bitamin B1. Me ya sa bai kamata a soya manja har ya yi fari ba? Domin jan nan shi ne sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Me ya sa ya fi kyau a raba shan shayi da cin abinci ga mai ƙarancin jini? Domin shayi na rage yadda hanji ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga hatsi da ganye, lemo da tumatir kuwa suna ƙara shi. Irin wannan ilimi ne ke mayar da girkin gida ya zama kimiyya, shi ne kuma bitocin suka fi sakaci da shi.

4.3 Matsalar Harshe

Wannan ita ce ta fi shafar mu. Manufar Ilimi ta Ƙasa tun daga 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa. Gwajin shekara 6 na Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, ya nuna amfanin haka a harshen Yarbanci. A 2022 gwamnati ta amince a faɗaɗa tsarin zuwa shekara 6 na firamare, sannan a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke shi, aka koma Ingilishi. To, a kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ɗan Sabo a rataye yake. Harshen uwarsa Hausa, harshen muhallinsa Yarbanci, harshen littafinsa Ingilishi, kuma a makarantar gwamnati ta Jihar Oyo akasari malamarsa Bayarbiya ce.

Asarar da ake yi a nan babba ce, domin Hausa ta wadata da kalmomin wannan fanni. A sarrafa hatsi kaɗai akwai sussuka, sheƙa, surfe, bakace, ɓarza, niƙa, daka, tankaɗe da rege. A dahuwa akwai tafasa, sulala, turara, zarga, toya, soya, gasa, babbaka da ƙyafe. Kowace kalma tana ɗauke da aiki na musamman da sakamako na musamman. Yarinyar da ta san cewa dambu turara shi ake yi, alala kuwa sulala ta ake yi, ta riga ta mallaki rabin darasin dahuwa da tururi. Idan malama ba ta san da waɗannan kalmomi ba, za ta fara daga tushe a kan abin da yarinyar ta fi ta sani, yarinyar kuma ba za ta taɓa gane cewa abin da ke littafi shi ne abin da take yi kullum a madafin gidansu ba.

An yi aiki mai kyau wajen samar da keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, kamar wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka wallafa a 1990. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuwa cike suke da sunayen abinci da na ayyukan madafi. Abin da ya rage shi ne a tsamo su, a jera su kafaɗa da kafaɗa da takwarorinsu na Yarbanci da Ingilishi, a sa a hannun malami. Sauya harshen koyarwa a hukumance bai kawar da wannan buƙata ba. Hasali ma ya ƙara ta, domin malamin da zai koyar da Ingilishi yana buƙatar gadar da zai tsallako da yaro.

Akwai kuma riba ta biyu. Daddawa da iru abu guda ne, daga kalwar ɗorawa. Ƙosai shi ne akara, alala ita ce moyin-moyin, koko ɗan'uwan ogi ne, lalo kuwa shi ne ewedu. A garin da ya ga rikicin kasuwar Sasa a Fabrairu 2021, darasin da zai nuna wa ɗan Bahaushe da ɗan Bayarbe cewa tukunyarsu ɗaya, suna ne ya bambanta, ba ƙaramin darasi ba ne.

4.4 Ware Maza

Horon yana tafiya ne a kan zaton cewa girki na mata ne, malamai da ɗalibai. Sabo ta ƙaryata wannan zato. Mahauci namiji ne, haka mai tsire, mai balangu, mai kilishi da mai shayi. Su ne ke riƙe da ɗanyen nama da ƙwai da madara, wato abincin da ya fi saurin ɓaci. Ƙa'idoji 5 na tsabtar abinci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001, wato tsabtar jiki da wuri, raba ɗanye da dafaffe, dafawa sosai, ajiya a yanayin da ya dace, da amfani da ruwa da kaya masu kyau, sun shafi yaron da zai gaji teburin tsire fiye da kowa. Shi ya kamata ya san cewa dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye a sarari ba, kuma gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke cutar da hanta, wadda suya ba ta kashewa, alhali da ƙuli-ƙuli ake yajin tsire. Cibiyar Binciken Noma ta IITA, wadda ta samar da maganin rage wannan guba tun daga gona, a Ibadan take tun 1967, a hanyar Oyo. Tazarar da ke tsakaninta da ajin Sabo ba ta mil ba ce, ta tsari ce.

4.5 Ciyarwa Daban, Koyarwa Daban

Shirin ciyar da 'yan firamare, wanda aka gwada a 2005 aka kuma farfaɗo da shi a 2016 a kan Naira 70 ga kowane yaro na aji 1 zuwa 3, ya kawo masu dafa abinci har cikin harabar makarantu, kafin a dakatar da shi a Janairu 2024. A tsawon waɗannan shekaru an ɗauki abincin a matsayin abin ci kawai. Ba a tsara yadda malami zai tsaya a kan kwanon ya tambayi yara abin da ke ciki, daga ina ya zo, me yake yi wa jiki ba. Ƙasar Japan, wadda ta yi dokar ilimin abinci a 2005, ta ƙirƙiro muƙamin malamin abinci mai gina jiki, ta mayar da abincin rana wani ɓangare na karatu. Ingila kuwa ta wajabta darasin girki daga 2014, amma ta yi ta fama da ƙarancin ƙwararrun malamai. Ba mu da kuɗin Japan, amma darasin ƙasashen biyu ɗaya ne: doka ba ta girki, malami ke yi.

5.0 Abin da Za a Iya Cewa a Kan Ra'ayinmu

Adalci ne mu kawo hujjojin da ke gaba da mu. Na farko, kuɗi. Amsarmu ita ce yawancin darussan ba sa buƙatar ɗakin girki na zamani. Jiƙa gero a ga yadda yake tsami, tsirar da wake, karanta tambarin ido da ke jikin buhun gari ko sukari ko man girki, waɗanda aka wajabta ƙara musu bitamin A tun 2002, ko lissafa ribar kwano guda na ƙosai, duk ba su buƙatar wuta. Waɗanda ke buƙata kuwa, kurfoti 2 da gawayi sun isa.

Na biyu ya fi nauyi. Ana iya cewa jawo sana'ar gida cikin aji tamkar sa wa talla albarka ne, alhali talla ce ke fitar da 'yan mata daga makaranta, tana kuma jefa su cikin haɗari. Wannan tsoro yana da tushe, ba mu raina shi ba. Sai dai mu lura da dalilin da ke sa uwa ta fifita faranti a kan allo: tana ganin ribar faranti da yamma, ba ta ganin ta allo. Ranar da 'yarta ta dawo ta nuna mata yadda za ta rage asarar mai, ko dalilin da ke sa kunun zaƙinta ke saurin lalacewa, ranar ce makaranta za ta fara yin daraja a idonta. Girmama ilimin uwa daban, amincewa da talla daban, kuma horo nagari shi ne zai koya wa malami ya rarrabe su.

6.0 Shawarwari

1. A mayar da horon cikin makaranta. Malaman makarantu 4 ko 5 na kusa su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, ɗaya ta koyar da darasi na gaske da yara na gaske, sauran su kalla su tattauna.

2. Kada a amince da duk bitar wannan darasi da ba a ware aƙalla rabin lokacinta ga aikin hannu ba.

3. A samar da ɗan ƙaramin ƙamus na kalmomin abinci da girki cikin Hausa da Yarbanci da Ingilishi, da haɗin gwiwar sassan harsuna da Sashen Nazarin Abinci Mai Gina Jiki na Jami'ar Ibadan, a kuma gwada shi a aji kafin a buga.

4. A shigo da gwanayen unguwa a matsayin masu koyarwa, da izinin Sarkin Hausawa da malaman unguwa. Inda kulle ya hana mace fitowa, malamai mata su je su same ta a gida, a kuma biya ta ladan lokacinta.

5. A sa malamai maza da yara maza a cikin darasin, a fara da nama da shayi, inda ba za su ji kunya ba.

6. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa ta tabbatar duk mai neman takardar NCE a wannan fanni an gwada shi a kan koyar da darasin aiki ga aji mai cunkoso.

7. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta ware kuɗin cefane na kowane zango, ta kuma haɗa makarantun Islamiyya masu bin manhajar gwamnati a cikin horon, tunda yaran unguwa da dama can suke.

7.0 Kammalawa

A wannan tsokaci mun yi ƙoƙarin nuna cewa raunin ilimin abinci a makarantunmu ya fi alaƙa da horon malami fiye da rubutun manhaja. An sauya manhaja a 2008 da 2014 da 2025, amma yadda ake shirya malami bai sauya ba. Mun kuma nuna cewa a wuri irin Sabo, kayan aikin da ake nema suna nan kewaye da makaranta: gwanaye a cikin gidaje, kalmomi a bakin yara, cibiyoyin bincike a cikin gari. Abin da muka faɗa a kan Sabo ya shafi sauran zangunan Hausawa, daga Agege zuwa Shagamu har Kumasi, ya kuma shafi 'yan wasu ƙabilu da ke karatu a Sabon Garin Kano ko na Zariya. Ma'aunin da muke ba masu tsara horo shi ne wannan: bayan an tashi daga bita, shin malama za ta iya shiga aji ranar Litinin da mudun gero, ta koyar da darasi cikakke da yaran za su iya maimaitawa a gaban iyayensu? In amsar a'a ce, a sake shiri.